Baiwa ce ko abin da yaro ya tashi yana gani?

Maman yara, kin tambaya ko son zane baiwa ce kawai, ko kuwa abin da yaro ya taso a ciki ne ke cusa masa shi, tunda naki ya addabi bangon ɗaki da gawayi. A ganina duka biyun ne, amma gida ya fi rinjaye.

Dubi Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan na Sudan da aka haifa a Umdurman a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, don haka ya buɗe ido ya ga tawada da alƙalami, ya ga yadda ake lanƙwasa harafi, da yadda ake ƙawata allo, irin zayyanar da mu ma muke yi wa mai sauka. A nan hannunsa ya faɗa.

Daga baya ya tafi Landan a 1954, ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya dawo da salon Turawa. Da ya baje kolin aikinsa a Khartum, jama'a ba su wani damu ba, don abin bai yi kama da nasu ba. Sai ya koma wa haruffan Larabcin da ya sani tun yana ƙarami, yana jan su, yana karya su, har fuskoki da dabbobi suka riƙa fitowa daga cikinsu. Wannan salon ne ya kai aikinsa Tate Modern, babban gidan baje kolin zane-zane da ke Landan, a 2013.

Shi kuma naki, kada ki dake shi. Saya masa takarda da fensir mai launi, ki ware masa gefe guda na bangon tsakar gida, in akwai mai zayyana a unguwarku ki bar shi ya riƙa zuwa kallo.