Kalmar "bloody" a Ingila ba zagin soja ba ce

Ƙanena, ka ce wani Bature da za ku yi aji ɗaya ya ga sakamakon jarrabawarka ya rubuto maka "bloody good", ranka ya sosu, kana tambaya ko zaginka ya yi. Kwantar da hankalinka, yaba maka ya yi.

Na san inda abin ya samo asali. Mu a Najeriya daga bakin soja muka saba jin kalmar, in ya daka wa farar hula tsawa ya ce "bloody civilian", ko wanda ya fusata ya ce "bloody fool". A nan Ingila kuwa aikinta ƙarfafa magana, kusan kamar "ƙwarai" ko "matuƙa", sai dai da ɗan rashin ladabi a ciki. Direban bas zai faɗe ta kan sanyi, mai kallon ƙwallo ya faɗe ta don murna.

Ma'anarta ta farko "mai jini". Yadda ta zama ashar, masana harshe ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu sun danganta ta da tsohuwar rantsuwar Kiristoci da jinin Almasihu, wasu da 'ya'yan masu sarauta 'yan shaye-shaye na ƙarshen ƙarni na 17, waɗanda ake kira "bloods". Akwai masu cewa daga rantsuwa da Maryam mahaifiyar Almasihu ta fito, amma masana da yawa ba su yarda ba. Da farko ba a ɗauke ta da nauyi ba, daga baya ta zama abin kunya har jaridu suna rubuta harafin farko da na ƙarshe kawai su ja layi a tsakani. A 1914 da aka furta ta a dandali a Landan, cikin wasan kwaikwayon Pygmalion na marubuci George Bernard Shaw, gari ya ɗauka. Yau hukumar Ofcom mai kula da rediyo da talabijin tana lissafa ta cikin ashar mara nauyi.

Duk da haka, don Allah kada ka ɗauke ta a bakinka. Su sun san muryar da ake faɗarta da ita da kuma gaban wa, kai baƙo ne. Kada ta shiga saƙonka ga malami, ko ganawar neman aiki, ko maganarka da jami'in shige da fice. In kuma wani ya haɗa ta da launin fatarka ko addininka, wannan cin mutunci ne, ka kai ƙara ofishin kula da ɗalibai na jami'arku.