Amsa ga nas ɗin da aka ba su takardar dokar waya

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce ke nas ce a wani asibitin kuɗi a nan Bauchi, kuma an raba muku takarda mai ɗauke da sababbin dokoki: ba hoto ba bidiyo a cikin asibiti ko da yunifom a jiki, ba ambaton asibitin a Facebook ko TikTok, ba maganar siyasa ko da a shafinki ne, kowa ya miƙa sunayen shafukansa kuma ya yarda a duba wayarsa idan an buƙata, sannan kowa ya riƙa ɗora tallar asibitin a sitatus ɗinsa na WhatsApp. Wanda ya saɓa, kora ce nan take. An ba ku zuwa Litinin ku sa hannu, kina tambaya ko suna da wannan hurumin.

Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, da farko a aikin gwamnati, daga baya a asibitin kuɗi, kuma irin wannan takardar ta sha ratsa teburina. Amsata ita ce kada ki karɓe ta dunƙule, kada kuma ki yi watsi da ita dunƙule kamar yadda wasu a zauren nan namu na tattaunawa suka ba ki shawara. An cuɗa gaskiya da son zuciya a cikinta, sai kin zauna kin tsince.

Zan fara da inda suke da gaskiya, domin nan ne matasanmu suka fi raina lamarin. Maganar hoto da bidiyo a cikin asibiti, wallahi ko ba su rubuta ba, ya kamata ki haramta wa kanki. A inda na yi aiki, wata yarinya mai kirki, mai ƙoƙari a aikinta, tana dutin dare sai ta jingina waya ta ɗauki kanta tana bin wata waƙa. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. A bayanta akwai gado, a kan gadon akwai wata baiwar Allah da ake yi wa ƙarin ruwa, fuskarta a fili. Matar nan ɓari ta yi, ita da mijinta sun rufe maganar, sun ce wa dangi tafiya ta yi. Kafin a sallame ta, bidiyon ya isa wayar wata daga cikin dangin mijin. Ni na zauna da mijin a ofis. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne kuɗi ya biya don a rufa musu asiri. Har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Yarinyar ba ta nufi sharri ba, amma rashin nufin bai mayar wa matar nan da sirrinta ba.

Kuma wannan ba dokar mai asibiti ba ce kaɗai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya, ciwonsa, maganinsa, har zamansa a asibiti, sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyin wanda ba ya iya ba da yarda da kansa, ko inda rufewar za ta cutar da lafiyar jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda suka fi buƙatar tsaro. Ga kuma hukumar da ta ba ki lasisin jinya da ungozoma, tana da ikon ladabtar da ke a kan wannan. Asibiti in ya kore ki, kina iya samun wani. Lasisi in ya taɓu, sana'ar ce gaba ɗaya ta taɓu. Ba sai fuska ta fito ba ma. Fayil a kan tebur mai suna a rubuce, takardar gwaji, ko ki rubuta "yau mun karɓi haihuwar 'yan uku daga Yelwa", a garin nan da kowa ya san kowa, an gama gane ko wace ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yunifom da sunan asibiti ma nasu ne. In kin sa shi kin yi magana, jama'a asibitin suke ji, ba ke ba. Haka lokacin aiki: mara lafiya yana kira kina kan waya, babu wanda zai tsaya miki, ni ma ba zan tsaya ba. Waɗannan ki sa musu hannu da zuciya ɗaya.

Daga nan ne takardar ta fara wuce gona da iri.

A ce a duba wayarki, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Wayarki akwai hirarki da mijinki, da hotunan 'ya'yanki, da saƙon banki, da asirin ƙawayenki da suka ba ki amana. Wanda yake biyanki albashi aikinki ya saya na awoyin da kuka yi yarjejeniya. Idan asibitin ne ya sayi waya ya ba ki don aiki, wannan tasu ce, su duba yadda suka ga dama. Taki kuwa a'a. Lambar sirrin shafinki ma kada ki ba kowa, ko matiron ce, wato shugabar nas-nas, ko mai asibitin da kansa. Abin da kika wallafa a fili, kowa na iya gani, su ma suna iya gani, ba ki da ta cewa. Amma shiga cikin akwatin saƙonki wani abu ne dabam.

Tallar sitatus kuwa, ki lura, takarda ɗaya ce ta ce kada ki ambaci asibitin, ita ce kuma ta ce dole ki tallata shi kullum. Wato suna son mutanen da ke cikin wayarki, ba sa son muryarki. Datar da kuɗinki kika saya, mutanen kuma saboda mutuncinki suke duba abin da kika ɗora. In kina son wurin aikinki kika ɗora don raɗin kanki, madalla, ni ma na sha yi. Amma a mai da shi sharaɗin zama a aiki ba tare da ko kuɗin data ba, wannan aiki ne na ƙari da ba a biya ba.

Siyasa ita ce mai wuyar sha'ani, kuma a nan zan daɗe kaɗan. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ki 'yancin faɗar ra'ayi, sashe na 40 ya ba ki na shiga ƙungiya ko jam'iyya. Ke 'yar Bauchi ce kafin ki zama ma'aikaciyar kowa. In famfon unguwarku ya ƙafe, ko hanyarku ta lalace, ko kina ganin wani ɗan takara ya fi wani, kina da bakin magana. Na taɓa ganin an sallami wani yaro mai aikin ɗakin gwaji saboda ya rubuta goyon bayan ɗan takarar da mai wurin ba ya so. Bai zagi kowa ba, bai ambaci wurin aiki ba, a gidansa ya rubuta da daddare. Na faɗa a lokacin cewa zalunci ne, kuma har gobe a kan haka nake. Yaron yana da mata da ƙaramin ɗa.

Duk da haka zan gaya miki abin da zan gaya wa 'yar cikina. Aikinki ba kamar na mai shago a kasuwar Wunti ba ne. Gadon asibiti kowa yana hawa, Musulmi da Kirista, ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan, Bafulatani, Bajari, Basayi. Wanda ya karanta a shafinki kina tsine wa mutanensa, gobe aka kwantar da shi ya ga ke ce riƙe da allura, da wane ido zai dube ki? Saboda haka in dokar ta ce ba zagi, ba cin zarafin addini ko ƙabila, ba yaɗa ƙarya, to tana da hujja. In ta ce ba siyasa kwata-kwata, ta yi faɗi da yawa, a rage ta.

Ki kuma sani ba mai asibiti kaɗai ake tsoro ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama mutane da shi a ƙasar nan saboda rubutu. An yi masa gyara a 2024 an taƙaita shi, amma yana nan, ga kuma laifin ɓata suna a dokar final kod, wato kundin dokar laifuka na jihohin Arewa. Kuma a duk rigingimun da na gani, ba shugaba ne ke zama yana bin shafukan ma'aikata ba. Sikirinshot ake kawo masa. Abokiyar aiki ce, ko wata da kuke zaure ɗaya a WhatsApp, ko wadda kika manta ma tana ganin sitatus ɗinki. Kin goge bayan minti biyar, amma hoton ya riga ya tafi.

Akwai abin da nake zargi, Allah ya sa ba haka ba ne a wajenku. Sau da yawa dokar "kada a ambaci wurin aiki" tana fitowa ne daidai lokacin da albashi ya fara makara, ko kayan aiki suka yanke, ana tsoron kada wani ya fasa ƙwai. In haka ne, Facebook ba zai biya ki albashi ba, sai ma ya ba su hujjar korarki. Ki rubuta ƙorafi a takarda, ki riƙe kwafi, ki nemi ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma, ko ofishin ƙwadago. In kuma abin da ake ɓoyewa yana cutar da marasa lafiya ne, to ma'aikatar lafiya ta jiha ce wurin zuwa, kuma babu takardar da za ta hana ki wannan.

Batun kora nan take. Ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta, domin ga ƙwararru irinku ita ce ta fi magana. Me ta ce kan wa'adin sallama, wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinsa? Me ta ce kan ladabtarwa? Abin da aka saba shi ne a ba mutum kweri, wato takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, a saurare shi, sannan a yanke. Rigimar ma'aikaci da mai aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraro tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma kotun nan ta sha nuna cewa ba ta son kora ba dalili. Amma kada in ruɗe ki, shari'a tana cin kuɗi tana cin lokaci, kuma a aikin kamfani galibi diyya ake samu, ba komawa aiki ba. Shi ya sa gyara takardar tun yanzu ya fi miki sauƙi nesa ba kusa ba. Da zarar kin sa hannu, ta shiga cikin sharuɗɗan aikinki, ranar rigima ita za a fara ɗaukowa.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Kafin Litinin ku zauna da abokan aikinki, ko ku huɗu ko biyar ne, kada ki tafi ke kaɗai a ce ke ce mai taurin kai. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa cikin ladabi zuwa ga matiron ko shugaban gudanarwa. Ku fara da cewa kun amince da kare sirrin marasa lafiya, da dokar yunifom, da barin waya lokacin aiki. Sannan ku roƙi abu huɗu: a cire duba waya, a mai da talla ta zama ganin dama, a sauya hana siyasa ya koma hana zagi da ƙarya da cin zarafi, a kuma rubuta cewa ba za a kori kowa ba sai an ba shi kweri an saurare shi. Na ga masu asibiti da suka karɓi irin wannan gyaran ba da wata wahala ba, domin da yawansu ba su ma zauna sun karanta takardar da kyau ba, wani ne ya kwafo ta daga wani wuri aka buga suna a kai.

In sun ƙi, kuma ba ki da halin barin aikin, ba zan ce ki bar abincinki ba, na san yadda garin yake. Ki nemi kwafin abin da kika sa wa hannu, ki haɗa da kwafin wasiƙarku ki adana a gida, ba a lokar asibiti ba. Ki cire sunan asibitin daga bayanin shafinki, ki tace masu ganin sitatus ɗinki. In akwai lauya a danginku ko a unguwa, ki nuna masa takardar kafin ranar.

Ki turo mana ainihin yadda aka rubuta sashen duba waya da kuma sashen kora, ki rufe sunan asibitin kafin ki turo. Akwai masu aikin lauya a zauren nan, su ma su duba. Allah ya dafa miki, ya ba marasa lafiyarku lafiya.