Amsa ga mai tambaya kan leshin ƙulli: abin da ke hana zobenki rufuwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika yi tambaya kan faifan leshin nan na ado da ake shimfiɗawa a kan tebur, wanda ake ƙullawa da 'yar ƙoshiya, wato tatin. Kin ce kin iya kwarashi tun kina makaranta, kin sayi ƙoshiyar, kin bi bidiyo, amma duk zoben da kika fara sai ya cije ya ƙi rufuwa, har kin fara zargin zaren ko ƙoshiyar. Kin kuma tambaya ko abin yana kawo kuɗi. Na ga wasu sun ce miki ki koma kwarashinki kawai, wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma don Allah kada ki ajiye. Na daɗe ina wannan saƙa a nan Sakkwato, na koya wa 'ya'yana da 'ya'yan maƙwabta, kuma kusan kowa a daidai inda kika tsaya ɗin nan yake tsayawa.

Ƙullinki ne ba ya juyewa, shi ke nan matsalar. A kwarashi madauki ne ke shiga cikin madauki, shi ya sa da kin ja bakin zare sai aikin ya warware. Tatin kuwa ƙulli ne zalla. Zare biyu ke aiki, wanda kika zagaya a yatsun hannun hagu da wanda ke fitowa daga ƙoshiya a hannun dama. Idan kika zura ƙoshiya ta ƙarƙashin zaren hagu kika dawo da ita ta sama, zaren ƙoshiya ne ya naɗe na hagu. To ba a haka ake so ya zauna ba. Sai kin sauke yatsanki na tsakiya na hagu, zaren da ke kansa ya yi sako-sako, sannan ki ja ƙoshiya har zarenta ya miƙe sambal. A nan ne naɗin yake tsallakawa, ya zama zaren hagu ne ya naɗe na ƙoshiya. Sai ki ɗaga yatsan a hankali, ƙullin ya gangaro ya zauna tsakanin babban yatsa da manuni, ba tare da kin saki zaren ƙoshiya ba. Rabi ke nan. A rabi na biyu ƙoshiya ta sama take bi ta dawo ta ƙasa, shi ma dole ya juye. Biyun nan su ne ƙulli ɗaya, kuma duk faifan da kika gani a hoto, komai girmansa da yawan adonsa, da wannan ƙulli ɗaya aka yi shi.

Idan sun juye daidai, duk abin da kika jera zai riƙa zamewa a kan zaren ƙoshiya kamar 'ya'yan carbi a kan zarensu. Wannan zamewar ce ke sa idan kika ja ƙoshiya jerin ya lanƙwashe ya zama zobe. Rabin ƙulli ɗaya tak da bai juye ba ya isa ya kulle komai, ko za ki ja har zaren ya tsinke.

Na lura masu hannun kwarashi sun fi shan wuya a nan. Hannunki na hagu ya saba riƙe zare a ɗame koyaushe, ba ya yarda ya saki. Tatin kuma yana so hagu ta saki, dama ta ja, sannan hagu ta ɗaga. A bidiyo hannun mai yi yana gudu, ba za ki ga lokacin da take sauke yatsan ba.

Ga abin da nake sa masu koyo su yi. Ki bar zobe tukuna. Ki samo zare mai kauri kala biyu, a ce ja da fari, ko ma igiyar takalmi biyu. Ki ɗaure bakinsu wuri ɗaya, ki riƙe ɗaurin da babban yatsa da manuni, ki bi da jan ta bayan yatsun hagu ki naɗe shi a ƙaramin yatsa, farin kuma shi ne a ƙoshiya. Ki yi ta ƙullawa. Idan kina yi daidai, ja kawai za ki gani a jere, farin ya ɓuya a ciki. Da zarar fari ya leƙo, wannan bai juye ba, ki sa tsinin allura ki kwance shi nan take. Abin da kike yi ɗin nan shi ne sarƙa, kuma rabin aikin faifai sarƙa ne, don haka ba ɓata lokaci kike yi ba. Ki zauna a kansa har hannu ya riƙa yi ba sai kin tsaya tunani ba, sannan ki koma zobe.

A zoben ma, bayan kowane ƙulli biyu ko uku ki ɗan ja zaren ƙoshiya ki ga yana tafiya. Kafin ki rufe, ki saki ƙoshiyar ta yi lilo a iska ta warware murɗewar da ta taru a zaren, in ba haka ba zai tuƙuiƙuye a bakin zoben. Ki ƙirga ƙullinki sau biyu, domin zoben da aka riga aka rufe buɗe shi aiki ne babba. Sannan ki danne jerin duka tsakanin yatsu biyu, ki ja a hankali har bakin ya haɗu.

Zare yana da nasa laifin, ko da yake ba shi ne farko ba. Ulu ba ya yi sam, gashinsa yana kama juna ya hana zamewa. Zaren ɗinkin hula mai laushi yana rabewa idan kin zo kwance kuskure. Abin nema shi ne zaren auduga mai santsi, mai sheƙi, mai murɗi sosai. Sheƙin nan daga wani wanki ne da ake yi wa auduga da kostik soda, irin wadda masu haɗa sabulu suka sani, dabarar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844. Ki duba lambar da ke jikin ƙwallon zaren: 10 mai kauri ne, 20 ya fi shi siriri, haka 40, har zuwa 80 da ake yin bakin hankici da shi. Lamba na hawa, zare na sirancewa. Ki fara da 10, idan hannu ya faɗa ki koma 20, shi ne na fi so a faifai. Wanda ya fi kowanne a wurina shi ne mai igiya shida a murɗe, irin zaren da ke ɗauke da tambarin DMC ko Lizbeth, sai dai wannan yawanci sai an yi saƙo ko an saya ta intanet. A Babbar Kasuwa, wajen masu kayan ɗinki, ina samun zaren kwarashi na auduga da yake yi mini aiki. Kafin in saya nakan roƙi mai shago ya bar ni in warware ɗan kaɗan, in ƙulla shi a kan kansa in ja. Idan ya zame sumul ba tare da ya tashi gashi ba, na saya. Idan kuma ya kama ko ya baje, na bar shi komai kyan kalarsa.

Ƙoshiya kuwa, wadda ke hannunki ta isa. Akwai mai bobin a ciki da ɗan ƙugiya a baki, akwai wadda ake naɗa zare a ginshiƙin tsakiyarta. Abin dubawa kawai shi ne bakinta ya haɗu, yadda idan kika sake ta zare ba zai zubo ba. Wadda ba ta da ita ma za ta iya yanka tsohon katin roba da tsawon yatsa, ta yi masa tsaga a kai da gindi, ta goge gefen ya yi santsi, ta naɗa zare. Da irin wannan yaran gidanmu suke fara koyo. Sai ki ajiye siririn kwarashi a kusa saboda haɗi.

Haɗin ana yin sa ne ta hancin nan, ɗan madaukin da ke leƙowa a gefen zobe. Tazara ce kawai kike bari tsakanin ƙulli biyu, idan kika matso da su sai zaren ya tashi ya yi hanci. In za ki haɗa sabon zobe da tsoho, ki zura kwarashi a hancin tsohon, ki jawo zaren hagu, ki bi da ƙoshiya ta ciki, ki daidaita. Nan ma ki gwada ko zare yana zamewa. Zanen da za ki samu a intanet lambobi ne, ba sai kin ji Turanci ko Rashanci ko Japananci ba. Idan kika ga 4-4-4-4 a zobe, ƙulli huɗu ne, hanci, huɗu, hanci, huɗu, hanci, huɗu, ki rufe.

Sai maganar faifan kansa, wadda za ta taso miki nan gaba. Daga tsakiya ake farawa ana zagayawa layi-layi, kuma abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne ya ƙi kwanciya. Idan gefen ya tashi sama tsakiya ta yi kwari, layin waje ya yi kaɗan, ko kin ja sarƙa da ƙarfi ko hancin haɗi ya yi gajere. Idan gefen ya yi tattara yana hawa da sauka, sarƙar ta yi sako-sako ko hancin ya yi tsawo. Maganin duka biyun hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ni tsinken ashana nake sawa a tazarar kowane hanci na ado don su zo daidai, na haɗi kuma ƙanana nake yin su, iya yadda bakin kwarashi zai shiga. Kuma duk layin da na gama sai na jiƙa shi da ruwa, na shimfiɗa, na danne da tawul, na ga ya kwanta kafin in ɗora na gaba. Kada ki fara da mai layi goma. Ki yi mai layi biyu ko uku, daidai gindin kofi.

Yanayin garinmu ma sai kin yi shiri da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumin hannu yana shiga farin zare ya mai da shi ruwan ƙasa, kuma jiƙaƙƙen zare ba ya zamewa. A bazara daga bayan asuba zuwa hantsi nake yi, da jiƙaƙƙen tsumma da busasshe a gefe. Da hunturu kuma kaushin yatsu ke kama zare, ga ƙura. Man kaɗanya da dare ake shafa shi, ba lokacin aiki ba, domin tabon mai a farin leshi da wuya ya fita. Duk sanda kika tashi, ko salla za ki yi, ki jefa aikin a leda ko gwangwani mai murfi.

Wanki kuma ba a cuɗa shi. Ki zuba ruwa mai tsabta da ɗan sabulu a kwalba mai faɗin baki, ki saka faifan, ki rufe, ki girgiza, ki ɗauraye. Kada ki murɗe, tawul za ki sa ya tsotse ruwan. Ki shimfiɗa a kan kwali da kika rufe da farin ƙyalle, ki kafe kowane hanci na gefe da fil marar tsatsa, ki bar shi ya bushe a inuwa. Sitati kaɗan ya isa. Wasu na sa ruwan sukari don ya yi tauri, ban ba ki wannan shawara ba, kiyashi zai taru a kai. Idan dutsen guga na gawayi gare ki, ki ɗora ƙyalle a tsakani. A ɗaki kuma ƙarƙashin gilashin tebur ya fi masa, kuma kada a ɗora kwalbar humra a kansa kai tsaye, ɗigo ɗaya zai bar shaida.

Batun kuɗi, zan faɗa miki gaskiya. Saƙa ce mai cin lokaci, ta fi kwarashi nawa nesa ba kusa ba, kuma kasuwa cike take da leshin inji mai araha wanda mai saye ba ya bambanta shi da na hannu. Tun can da ta yaɗu a Ingila da Faransa a shekarun 1800, aikin zaman gida ne na mata masu sarari, har Sarauniya Elisabeth ta Romaniya an san ta da shi. Idan kika yi lissafin awannin da faifai mai faɗin taki ɗaya ya ci, da wuya a biya ki su. Ni nawa kyauta nake yi wa amaren dangi, kuma ina jin daɗin in shiga ɗakin yarinya bayan shekaru in tarar tana adana shi.

Inda na ga ana ɗan samu shi ne ƙananan abubuwa, 'yan kunne da aka sa wa duwatsu, bakin hular jarirai, da bakin mayafi. Wadda ta je Hajji ko Umara ta lura da ɗankwalin matan Turkiyya za ta ga siririn ado a gefensa, wani da allura suke yi, wani da kwarashi, wani da irin wannan ƙoshiya. Wannan zai karɓu a wurinmu, musamman a mayafi marar ado, kuma zobe da sarƙa ne kawai a jere, babu wahalar kwantar da faifai.

In kuma akwai mai ciwon yatsu a cikinmu da juyin nan ya gagare ta, ana yin tatin da doguwar allura marar tsini, a jera ƙullin a jikinta a zare ta ciki, babu juyi ko kaɗan. Aikin yakan fi na ƙoshiya sako-sako, amma ya wadatar a bakin mayafi. Ke dai da yatsunki lafiya lau, ki tsaya a ƙoshiya. Ki yi sarƙar nan mai kala biyu ki turo hotonta, gaba da baya, zan duba in faɗa miki ko lokacin komawa zobe ya yi. Allah ya ba da sa'a.