Amsa ga 'yar uwar da ke shirin kafa injin wanke kwanoni a cikin kabad

Assalamu alaikum 'yar uwa. Kin ce kin sayi injin wanke kwanoni irin wanda ake cusawa a ƙarƙashin kantar kicin, kafinta ya bar masa gurbi kusa da sinki, mai aikin famfo kuma ya ce miki aikin rabin awa ne, shi ya sa kike tambaya ko akwai abin da ya kamata ki lura da shi. Wallahi da na karanta wannan magana ta rabin awa sai da gabana ya faɗi, domin ita ce maganar da aka faɗa mini, kuma har yau kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinkina yana ɗauke da tabon abin da ya biyo baya.

Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki yarda a tura injin cikin gurbinsa a ɗaure shi sai kin ga bayansa da idonki, musamman tiyon da ke fitar da ruwan datti. Wannan tiyo ba a barinsa kwance a ƙasa. Dole ne a ɗaga shi sama har kusa da ƙarƙashin kanta, a maƙale shi a can, sannan ya sauko ya shiga lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin sinki, domin idan babu wannan hawan, ruwan da kika zubar a sinki zai iya gangarowa ya koma cikin injin. Bakin da ake jona tiyon a jikin bututun sinki kuma yakan zo a toshe daga kamfani, sai an cire toshiyar ko an yanke ta, sannan a matse tiyon da zoben ƙarfe.

Mutumin da ya kafa mini nawa bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wankin farko injin ya tsaya cike da ruwa yana ta ƙara, saboda bai buɗe bakin bututun ba. Da na kira shi ya zo yana ɓata rai, ya yanke toshiyar, ya cusa tiyon da hannu ba tare da zobe ba, ya ce an gama. Daga nan ne wari ya fara. Duk lokacin da na buɗe ƙofar injin da safe sai in tarar da ruwa mai launin toka a kwance a gindinsa, da maiƙo yana yawo a sama, alhali na san da daddare ya gama wanki ya kwashe ruwansa tsaf. Na wanke matatar, na sake wankewa, na canza sabulu, abin bai daina ba. A can ciki kuma ruwa yana ɗiga a hankali daga inda aka jona tiyon, ba wanda ya sani, har ranar da na durƙusa zan ɗauko wani abu a kabad ɗin sinki, na dafa katakon ƙasa, yatsana ya nutse a ciki. Katakon ya kumbura ya yi baƙi, farin rufin da ke kansa ya ɗaye, ƙarƙashinsa duk funfuna. Na zauna a wurin na rasa abin da zan ce, domin kicin ɗin sabo ne, kuma na daɗe ina tanadi kafin in yi shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba asarar katakon ba ce, amsar da ya ba ni ce. Ya tsaya a tsakiyar kicin ɗina, bai ko sunkuya ya duba ba, ya ce injin ne ba shi da kyau, wai irin waɗannan injuna haka suke, wai wataƙila ni ce nake cika shi da kaya. Da na nuna masa littafin da ya zo da injin, inda aka zana hoton tiyon a ɗage, sai ya ce shi ya shekara da shekaru yana wannan aiki, ba takarda ce za ta koya masa ba. Bayan haka ya daina ɗaga wayata. Wani ma'aikacin da na samu daga baya ya gyara komai cikin ɗan lokaci, da ƙugiya ɗaya da zobe ɗaya. Har yanzu idan na tuna yadda ya nemi ya ɗora mini laifin, raina yana ɓaci.

Ki auna gurbin da kanki kafin ranar. Yawancin waɗannan injuna faɗinsu santimita 60 ne, siraransu kuma 45, tsayinsu wajen 82, kuma ƙafafunsu suna murɗuwa a ƙara tsayi kaɗan. Ki auna sama da ƙasa, domin gurbi yakan tsuke a gefe ɗaya. Idan ba a sa tayil a kicin ɗin ba tukuna, a sa shi har cikin gurbin kafin injin ya shiga, in ba haka ba tayil ɗin zai tare ƙafafunsa, ranar da ya buƙaci gyara ba zai fito ba.

Batun wuta kuma kada ki yi sassauci. Injin yana dafa ruwansa da kansa, yana jan wajen wat 2,000 ko fiye, saboda haka yana buƙatar soket nasa na bango mai wayar ƙasa wadda ke kare mutum daga jan lantarki, ba doguwar wayar ƙari ba. Soket ɗin da makunnin ruwan duka su kasance a kabad ɗin da ke gefe, inda hannunki zai kai ba sai an jawo injin ba. Idan tiyon shigar ruwa yana da wani ɗan akwati a bakinsa, wannan na'urar tsayar da ruwa ce idan tiyon ya fashe, a wasu akwai wayar lantarki a ciki, kada kowa ya yanke shi don ya rage tsawo. Idan ruwanku daga tanki yake saukowa, ki duba ƙarfin da littafin ya nema. Da yawa suna son aƙalla rabin "bar" (ma'aunin ƙarfin ruwa), wato tankin ya ɗara injin tsayi da kusan mita 5.

Akwai wata siririyar takarda mai sheƙi ko farantin ƙarfe da ke zuwa a cikin kwalin, masu aiki sukan jefar da ita tare da leda. Ki ɓoye ta. Ana manna ta a ƙarƙashin kanta daidai saman ƙofar injin, don tururin da ke fita kada ya kumbura katakon. Idan kantarki ta dutse ce, ba a huda ta, ta gefe ake ɗaure injin a jikin kabad. A tabbata kuma ya zauna daidai bai karkata ba, in ba haka ba ƙofar ba za ta rufu da kyau ba. Af, kuma kada ki taɓa zuba masa sabulun wanke-wanke na hannu, kumfa zai cika miki kicin. Gishirin da ake zuba masa don tausasa ruwa ma na musamman ne, ba na girki ba.

Ranar aikin, ki sa a kunna shi babu kaya a ciki tun kafin a ɗaure shi, ki shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ki jira har ya ja ruwa ya kuma fitar da shi, sannan ki cika sinki ki sake ruwan gaba ɗaya ki buɗe injin ki duba gindinsa. Kada ki biya cikon kuɗin aiki sai takardar ta fito a bushe. Idan za ki iya, ki ɗauki hoton ƙarƙashin sinkinki ki turo mana kafin ya zo, in nuna miki inda tiyon ya kamata ya bi. Allah ya sa ki dace da mai aiki na gari.