Daga Singapore zuwa New York: wayata ce ta rikice ko tikitin?

Tambaya: Malam, wana zai tashi daga Singapore zuwa New York. Tikitin ya nuna tashi da tsakar rana, sauka da yammacin ranar, alhali an ce tafiyar ta fi awa 18. Kuma da na buɗe manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24 sai na ga jirgin yana bin wani lanƙwasasshen layi ta wajen Japan da Alaska. Manhajar ce ta samu matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiya lau take, tikitin ma daidai yake.

Wannan ita ce tafiyar jirgin fasinja mafi nisa da ake yi ba tare da yada zango ba a yanzu. Tsakanin filin Changi na Singapore da filin JFK na New York akwai kusan kilomita 15,350, kuma Singapore Airlines na yin ta da jirgi samfurin Airbus A350-900ULR. Jirgin kan ci kusan kilomita 900 a awa, ka ga awa 17 ke nan a lissafi. Ka ƙara lokacin bin layi kafin tashi, da hawa, da sauka, sai ta haura awa 18.

Abin da ya ruɗe ka shi ne tikiti yana rubuta kowane lokaci da agogon garin da filin yake. Singapore na gaban New York da awa 12 a lokacin zafin New York, 13 a lokacin sanyi. A ce a lokacin zafi ya tashi 12 na rana ya yi awa 18 da minti 40 a sama: a Singapore 6:40 na safiyar gobe ne, a New York kuwa 6:40 na yammacin yau. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Ka buɗe manhajar agogo ta wayarka, ka saka garuruwan biyu tare da naka, kada ka yi ta kira yana sama.

Batun lanƙwasa kuma, duniya dunƙulalliya ce, allon waya shimfiɗaɗɗe. Ɗauki lemo ka ja zare tsakanin ɗigo biyu masu nisa da juna a rabinsa na sama, za ka ga zaren ya bi ta saman lemon. Wannan ce gajeriyar hanya, taswira ce ke nuna ta kamar an yi zagaye.

Sai iska. A can sama akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wani lokaci ta wuce kilomita 200 a awa. Shi ya sa a zuwa jirgin kan bi ta wajen Japan da Alaska, a dawowa kuma ya ratsa tekun Atlantika da Turai, ko da hanyoyin sun fi tsawo, don iskar ta riƙa tura shi. Rufe sararin samaniya ma kan ƙara nisa; alhazanmu sun ga haka a 2023, da yaƙin Sudan ya sa jiragen Jidda yin zagaye.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, don na san yadda hankali ke tashi. Flightradar24 na dogara ne sosai da ƙananan na'urorin da mutane suka kafa a ƙasa masu kama saƙon da jirgi ke watsawa, wanda ake kira ADS-B. A tsakiyar teku babu su, sai tauraron ɗan'adam ko ƙiyasi. In jirgin ya tsaya cak a allo ko ya ɓace na ɗan lokaci, kada gabanka ya faɗi. Ka shiga shafin kamfanin jirgin, ka rubuta lambar tafiyar da ke kan tikitin, can za ka ga lokacin saukar da suke sa rai. Allah ya kai shi lafiya.