Tambaya da Amsa: Sitikar da ke ɓarewa da wadda ke gogewa

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu kuka ɗaya suke yi, wato sitikar da ake liƙa wa kaya. Na zaɓi uku, domin aikin maɗaba'a ya nuna mini cewa su ne matsalolin da suka fi cinye kuɗin masu ƙananan masana'antu.

Tambaya daga wata mai yin yogot da zoɓo a Zariya: "Malam, kayana a firji suke kwana, da safe a zuba su a kula da ƙanƙara. Kafin yaro ya kai shago sitikar ta jiƙe ta yamutse, wata ma ta ɓare. Mai buga mini ya ce laifin gam ne. Yaya zan yi?"

Hajiya, Allah ya sanya wa sana'a albarka. Gam yana da nasa laifin, amma ina kyautata zaton a kan takarda ake buga miki. Ɗauki guda ki yaga. In ta yage nan take, bakin ya fito fari da ɗan gashi-gashi, takarda ce. Ta roba sai dai ta miƙe, ba ta yaguwa da sauƙi. Ko an shimfiɗa wa takarda leda mai sheƙi a sama, ruwa ta gefe yake shigarta, ta kumbura, ledar ta rabu da ita.

Ki ce masa BOPP kike so. Roba ce marar kauri, akwai fara, akwai wadda ake hango abin da ke cikin gora ta jikinta, kuma ruwa ba ya yi mata komai. Ki ƙara da cewa gam ɗin ya zama mai jure sanyi. Ta fi takarda tsada, gaskiya ne, amma araha ba ta ado, kuma mai shago ba ya son jera gorar da ba a san ta wane ne ba.

Sai dai ko BOPP ɗin ce, in kin liƙa ta a gorar da ta fito daga firji tana gumi, kin yi asara, don gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ki liƙa tun gora tana bushe, ba a zuba komai ba, ki share mata ƙura musamman da hunturu, ki danne da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bar ta ta kwana kafin ta ga sanyi. A sa a zagaye kusurwoyin sitikar wajen yanka, domin daga kusurwa mai tsini ɓarewa take farawa.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: hukumar NAFDAC tana son a ga ranar da aka yi kaya, ranar lalacewa da lambar rukuni a jikin kowace gora. Tawadar hatimi ta ofis ba ta bushewa a kan roba, yatsa ɗaya ya isa ya share ta. Ki nemi tawada mai saurin bushewa da aka yi don roba.

Tambaya daga wani mai haɗa sabulun ruwa da bilic a Sharaɗa, Kano: "Sitikata ta roba ce, amma tana ɗagowa a jikin jarka, in kaya ya zuba a kanta kuma rubutun ya narke. Ina matsalar take?"

Alhaji, kifa jarkar ka duba gindinta. Za ka ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. In 2 ce, robar HDPE ce, in 5 ce, PP. Waɗannan biyun jikinsu santsi ne da shi irin na kakin zuma, gam na yau da kullum ba ya zama a kansu yadda yake zama a kwalba ko gwangwani. Ga shi jikin jarka da yawa yana da ƙurji-ƙurji, gam ɗin sai ya taɓa saman ƙurajen kawai. Kana bukatar gam mai kauri da saurin cafka, wanda aka yi musamman don irin wannan roba. Iri biyu ne, na danƙo da na akirilik. Na danƙo yana kamawa da ƙarfi tun farko, amma zafin rana da maiƙo suna sassauta shi. Na akirilik ya fi jure rana da sinadari, sai dai yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ya zauna sosai. In kayanka a bayan mota suke shan rana har Maiduguri, ni na akirilik mai ƙarfi zan zaɓa maka. Sabuwar jarka kuma a goge wurin da sifirit tukuna. Gorar da ake matsawa da hannu, irin ta sabulun wanke kwanuka, sitikar PE, wato roba mai laushi, ta fi dacewa da ita, don tana lanƙwasa tare da gorar ba ta tattarewa.

Rubutun da ke narkewa kuwa, ba a rufe tawadar ba ne. A shimfiɗa mata leda a sama. Wannan ne ya fi damuna a wasiƙarka, domin bilic a jarkar da gargaɗinta ya goge, a gidan da ke da yara, ba wasa ba ne. Alamar haɗari, wato zanen nan mai jan layi a gefe da ke tsaye a kan kusurwa, dole ta daɗe daidai da daɗewar abin da ke ciki. Gangunan sinadari da ake ɗorawa jirgin ruwa, ƙa'idar BS 5609 sai an jiƙa sitikarsu wata 3 a ruwan teku ta fito ana karanta ta.

Kafin ka biya kuɗin dubbai, karɓi samfuri goma. Liƙa a jarkarka, ba a teburin mai bugawa ba. Bayan kwana biyu ɗiga wa wasu bilic ka goga da tsumma, wasu ka ajiye su a rana mako guda, wasu ka jiƙa. Mai maɗaba'ar da ya ƙi ba ka samfuri, ka nemi wani.

Tambaya daga wani mai kula da sito a Katsina: "Lambobin bakod, wato layukan nan da na'ura ke karantawa, da muke mannawa kwalaye da janareto suna dusashewa, wasu su yi baƙi ƙirin."

Ɗan'uwa, karce ɗaya da farce da sauri. In baƙin layi ya fito, irin takardar rasit ɗin POS ce, wadda zafi ke rubutu a kanta ba tawada ba. Sito mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ma rubutu yake yi mata. Ta dace da kwalin da zai bar hannunka cikin 'yan makonni kawai. Abin da zai daɗe, a buga da firinta mai amfani da ribon, wato zirin leda mai ɗauke da tawada: na kaki ya isa kwali, na rezin kuma shi ke jure goga da mai.

Janareto, injin niƙa da inbata, sitikar robar foliyesta da ribon na rezin ake sa musu, tana ɗaukar zafi har wajen digiri 150. In injin a waje yake kwana yana shan baƙin mai da ruwan sama, bar maganar gam gaba ɗaya, a zana lambar a farantin alminiyon a ɗaure shi da ƙusar ribit.