Tambayoyinku: Yadda Ake Tsara Daulolin Tarihi a Wasan Dabaru na Kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta a Zariya. Ni da abokaina biyu muna ƙoƙarin haɗa wani ɗan ƙaramin wasan dabarun yaƙi, irin wanda mutum yake zaɓar daula, ya gina gari, ya tara dukiya, ya kafa runduna. Mun zaɓi Kano da Borno da Songhai. Da muka gama rubuta abin da kowacce ta shahara da shi, sai muka ga duk ukun suna da dawakai da ganuwa da kasuwa da malamai, har ba a iya bambance su sai da launin tuta. Ta ina ya kamata mu faro?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ku sa'a. Asalin matsalarku shi ne kun jera abubuwan alfahari ne kawai, alhali manyan daulolin da suka yi zamani ɗaya a yanki ɗaya dole su yi kama da juna a abin da suke taƙama da shi. Inda suke rabuwa shi ne abin da kowacce ta rasa, da hanyar da ta bi don ta same shi. A dara, mutum biyu suna zama da 'ya'ya daidai wa daida ƙarƙashin doka guda, gwaninta ce kaɗai take raba su. Wasan da kuke nema ba haka yake ba, domin kowane ɓangare yana shigowa fage da dokar da ta keɓanta da shi, kuma wannan doka ita ce daular a idon ɗan wasa. Suna da tuta da hoton sarki duk ado ne.

Misali mafi kyau da na sani shi ne yadda kamfanin Firaxis ya tsara daular Mali a wasan Civilization VI, cikin ƙarin da ya fitar a 2019. Kowa ya san labarin Mansa Musa da aikin hajjinsa na 1324, lokacin da ya rabar da zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Da masu tsarin malalata ne, da sun ƙara wa Mali kuɗi sun wuce. Abin da suka yi shi ne, kowace mahaƙar ma'adinai ta Mali tana ba da ƙarin zinariya 4 amma ƙarfin aikinta yana raguwa da 1, sannan duk ginin da Mali za ta yi ko sojan da za ta horar, ana zabge mata kashi 30 cikin 100 na ƙarfin aiki. A madadin haka sai aka ba ta wata kasuwa ta musamman, Suguba, wadda take rage kashi 20 cikin 100 na farashin abin da aka saya. Sakamakon shi ne duk wanda ya ɗauki Mali ba zai tsaya jiran gini ba, tilas ya buɗe hanyoyin fatauci cikin hamada, ya tara zinariya, ya sayi abin da sauran suke ginawa da guminsu. Ba a karanta masa darasin tarihi ba, amma doka ta sa ya yi tunani irin na daular da arzikinta ya rataya a kan ayari.

To ku auna daulolinku uku da wannan ma'auni. Ƙarfin Kano yana hannun masu sana'a da 'yan kasuwa. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo birnin a 1851 ya tarar ana kai tufafin Kano har Timbuktu da Tarabulus. Amma Kano ba ta da gishirin kanta, sai Abzinawa sun kawo shi daga Bilma, goro kuwa sai fatake sun yi watanni a hanyar Gwanja. Don haka ku sa marina da majema da masaƙa su riƙa kawo wa Kano kuɗi fiye da na kowa, da sharaɗin hanyoyin fatake suna buɗe; ranar da abokin gaba ya tare hanya, kasuwa ta ja baya. Ganuwar birnin kuma ta kewaye gonaki ne, ba gidaje kaɗai ba, saboda haka ya dace a ce wanda ya yi wa Kano zobe ya sha wahala kafin yunwa ta kama mutanen ciki.

Sojan da ya keɓanta da Kano kuwa ba sai kun ƙirƙiro shi ba. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, a sa wa doki tun daga wuya har gindi, mahayinsa ma ya sa tasa. Kibiya mai dafi takan maƙale cikin audugar ba ta kai ga fata ba, shi ya sa ake sa 'yan lifida gaba su fasa sahun 'yan baka. Sai dai kayan suna da nauyi da zafi, dokin ba ya iya doguwar sukuwa, kuma ba kowane mutum ne yake iya ciyar da irin wannan doki ba. Ga shi nan tarihi ya ba ku lissafin a kammale: kariya mai yawa daga kibiya, gudu kaɗan, tsada mai yawa. Ku ƙara da cewa doki ya riƙa rasa lafiya idan ya shiga kurmin kudu inda ƙudan tsando yake, domin wannan ƙwaro ya tsayar da mahaya a inda garkuwa ta kasa tsayar da su.

Borno ta Mai Idris Alooma, a ƙarshen ƙarni na 16, ta samu 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, ta hanyar da ta bi Kawar da Fezzan zuwa Tarabulus. Ku ba ta bindiga tun kafin sauran su samu, amma ku ɗaure ta da wannan hanya guda ta arewa. Songhai kuwa daular kogi ce. Sonni Ali, wanda ya hau mulki a 1464, da jiragen ruwa ya riƙa kai mayaƙa sama da ƙasa a kogin Kwara, har ya ci Timbuktu da Jenne. Rauninta shi ne rikicin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan sarkinta Askiya Muhammadu da jikokinsa, da rashin bindiga, wanda ya bayyana a Tondibi a 1591, inda rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha, duk da ƙarancinta, ta tarwatsa sojojin Songhai. An ruwaito cewa Songhai sun koro garken shanu don su take abokan gaba, sai ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su.

Saura batun daidaito, wanda shi ne aikin da ya fi cin rai. Yawancin waɗannan wasanni suna tafiya ne bisa zagaye guda: mai mashi yana kayar da mahayi, mahayi yana kayar da ɗan baka, ɗan baka yana kayar da mai mashi. Kada ku bar wata daula ba ta da maganin ɗaya daga cikin ukun. Ku buga wasan da junanku sau da yawa kuna rubuta wanda ya ci, kuma idan kun ga 'yan lifida suna cinye kowa, ku ƙara musu tsada ko ku jinkirta lokacin fitowarsu, amma kada ku rage musu kaurin lifidin, domin ranar da kuka yi haka Kano ta koma irin sauran. A ganina soja ɗaya na musamman, gini ɗaya, doka biyu da rauni ɗaya sun ishi kowace daula a wasan ɗalibai uku.

TAMBAYA: Malam, ni mai karatu ne daga Damagaram. Ɗana ya nuna mini wani wasa mai suna Age of Empires III inda aka sa Hausawa. Na yi murna da farko, sai na ga an ce Sarauniya Amina ce shugaba amma babban birninta Kano, ga kuma maharban Fulani cikin rundunarta. Wannan ba gurɓata tarihi ba ne?

AMSA: Alhaji, abin da ka gani haka yake. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a wannan wasa, kuma an haɗa abubuwan da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Amina ta Zazzau ce, ba ta Kano ba. Masana ma ba su daidaita a kan zamaninta ba, domin Tarihin Kano ya ambace ta a lokacin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma suna kai ta ƙarni na 16. Sannan Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram ba su taɓa zama ƙasa ɗaya ƙarƙashin sarki ɗaya a wancan zamani ba. Kano da Katsina ma sun daɗe suna gwabzawa a kan wa zai riƙe cinikin hamada.

Duk da haka ina ganin ya kamata a raba abu biyu. Akwai dunƙulewa, wadda ba makawa daga gare ta, domin wasan ya ɗauko shekaru wajen ɗari huɗu yana so ya kammala su cikin zaman rabin sa'a, kuma kowace al'umma gurbi ɗaya take da shi. Faransawa da Turkawa ma haka aka dunƙule su. A wannan ma'auni masu tsarin sun yi ƙoƙari: sun sa 'yan lifida, sun sa kasuwar dabbobi inda ake sayar da shanu a samu kuɗi ko katako, kuma sun sa ci gaban daular ya dogara da ƙulla ƙawance da maƙwabta irin su Songhai da Maroko da Yarabawa, wanda ya yi kusa da yadda biranen Hausa suka rayu tsakanin manyan maƙwabta. Da ni aka tambaya, da na ce a bar ɗan wasa ya zaɓi birninsa tun farko, ko Kano ko Katsina ko Zazzau, sai shugaba ya biyo birni.

Abu na biyu shi ne aron kayan wata al'umma a yafa wa wata, kuma wannan ne nake kira kuskure. A Age of Empires II, cikin ƙarin 2015, sojan da aka keɓe wa Mali mace ce mai jifa da wuƙa, wadda aka kira Gbeto. Wannan suna da wannan siffa daga mayaƙa mata na Dahome aka ɗauko su, a Jamhuriyar Benin ta yau, masarautar da ta taso ɗaruruwan shekaru bayan Mansa Musa, a wata ƙasa mai nisa da wani harshe dabam. Irin wannan yana fitowa ne daga ɗaukar Afirka ta Yamma a matsayin gari guda. Ana kuma iya gyarawa idan aka matsa: wasan nan ya daɗe da al'umma ɗaya da ya kira Indiyawa, sai a 2022 aka raba ta huɗu.

Abin da ya fi damuna a irin waɗannan wasanni ma ba wanda aka sa ba ne, wanda aka cire ne. Ɗan wasa yana ganin manoma suna ta aiki a gona cikin nishaɗi, babu inda aka nuna masa rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, ko cinikin bayi, alhali wani babban kaso na arzikin Kano da Zazzau da Borno da Songhai, da na Turawan da ke cikin wasan, daga nan ya fito.

TAMBAYA: Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare a Katsina. Shin waɗannan kamfanoni suna neman izinin mutanen da suke sa kakanninsu a wasa? Kuma ya dace in yi amfani da wasan a aji?

AMSA: Malama, doka ba ta tilasta musu ba, amma abin da ya faru da Firaxis ya nuna yadda al'adar take sauyawa. A 2013 kamfanin ya so ya sa al'ummar Pueblo ta Amurka a Civilization V, tare da Popé wanda ya jagoranci tawayensu a kan Sifaniyawa a 1680, sai dattawansu suka nuna ba su yarda ba, aka janye aka sa al'ummar Shoshone a madadinsu. A 2018 aka sa Poundmaker, wani shugaban al'ummar Cree ta Kanada, ba tare da an tuntuɓi mutanensa ba, har ɗaya daga cikin shugabanninsu ya fito ya ce wasan da aka gina a kan mamaye ƙasa ya saɓa wa abin da suka gada. Da aka zo Civilization VII, wanda ya fito a Fabrairun 2025, sai kamfanin ya zauna da shugabannin al'ummar Shawnee ta Amurka tun kafin ya sa jagoransu na da, Tecumseh, ya kuma tallafa wa aikin raya harshensu. A wannan wasa na bakwai Amina tana cikin shugabanni, kuma tsarinsa ya raba shugaba da daula, ta yadda yaro zai iya ɗaukarta ya mulki Rum ko Sin.

Saboda haka kada ki ba ɗalibai wasan a matsayin madogara. Inda yake da amfani shi ne ki mayar da shi abin bincike. Ki nuna musu hoton ɗan lifida na cikin wasan, ki sa su kwatanta shi da wanda suke gani a hawan sallah, su rubuto abin da aka dace da abin da aka kauce. Ko ki raba ajin gida uku, kowane rukuni ya tsara Katsina ta ƙarni na 18 a takarda, da soja ɗaya da gini ɗaya da rauni ɗaya, da sharaɗin duk abin da suka rubuta sai sun faɗi littafin da suka gani ko dattijon da suka ji daga bakinsa. Ginin ba zai ba su wahala ba, hasumiyar Gobarau tana nan a tsaye, sai dai ki shirya raba gardama idan aka zo kan raunin.